Mas'alar Mishan Mai Maƙalewa a Gidajen Gem na Garwa

Duk wanda ya saba ratsa unguwannin Garwa da la'asar sakaliya, ko Yelwa ko Lopere ko wajen Rumde Ajiya, ba zai rasa ganin irin shagunan nan da samari ke kira gidan gem ba, inda ake jera talabijin biyu ko uku a kan teburi, a ajiye benci a gabansu, kowa ya biya kuɗinsa ya karɓi manet, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, ya zauna. Galibin masu zuwa ƙwallo ce ke kawo su, wannan kuwa ba abin mamaki ba ne a garin ƙungiyar ƙwallo ta Coton Sport, garin da filinsa ya karɓi baƙuncin wasannin kofin Afirka a watan Janairun 2022. Sai dai ita ƙwallo ba ta da wata doguwar mas'ala, domin in an yi minti goma an tashi, wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya ba na baya wuri. Abin da nake so in yi sharhi a kansa ya shafi ɗaya jama'ar ne, wato masu bin wasan da ke da labari, wanda ake tafiya da shi mataki-mataki, a ɗora maka aiki ka gama kafin a buɗe maka na gaba, aikin da suke kira mishan. A cikin waɗannan da wuya ka sami wanda bai taɓa isa wani mishan ya tsaya cik ba, ya yi kwana da kwanaki yana maimaita abu guda, har zuciya ta ɗebe shi ya yi jifa da manet, ko ya yi cacar baki da mai shago a kan kuɗin da ya riga ya biya.

Na san akwai manya da za su ce ai wasa ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. Ni kuwa ina ganin ya kai, domin lokacin da yaro ke kashewa a kan bencin nan lokaci ne na gaske daga cikin rayuwarsa, 'yan sefar da yake miƙawa, ko dala ashirin ce ko hamsin, da gumin wani aka samo su, fushin da yake komawa gida da shi kuma ƙannensa ne ke shan sa. Tun da yake an riga an yi nisa, ba mai iya raba samarinmu da wannan abu, to wajibi ne a koya musu yadda za su fuskance shi da hankali.

Farkon abin da ya kamata mai wasa ya tabbatar, kafin ya sake ɗaukar manet karo na ashirin, shi ne ko abin da ya tsare shi wahala ce wadda masu wasan suka sa da gangan don a gwada ƙwarewarsa, ko kuwa aibi ne da ya shiga ginin wasan ba da nufin kowa ba. Ita wahala maimaici yana rage ta, domin kowace faɗuwa tana ƙara wa hannu sabo, tana ƙara wa ido sanin hanya. Shi kuwa aibi ko shekara aka yi ana maimaitawa yana nan inda yake, tun da yake ba a hannun mai wasa illar take ba. Mafi yawan ɓacin ran da ake gani a gidajen gem daga rashin wannan tantancewa yake tasowa, sai ka ga yaro yana zargin kansa da rashin iyawa alhali faifan ne ya lalace, ko kuwa yana zagin faifai alhali shi ne bai gane dabarar ba.

Don a fahimci inda aibi ke shigowa, sai an san yadda ake gina mishan. Malaman usulu sun koya mana cewa hukunci yana rataya ne a kan sababi da sharaɗi da rashin mani'i, wato sai abin da ke jawo shi ya auku, abin da ake bukata ya cika, kuma babu wani abu da ya hana. To bisa ga haƙiƙa a kan irin wannan tsari ne masu rubuta wasa ke ɗora aikinsu. Na'urar tana zaune ne kamar magatakarda da littafin rajista a gabansa, in ka isa wuri kaza ya sa alama, in ka yi magana da wane ya sa alama, in alamu suka cika ya buɗe maka ƙofa. Idan kuwa ka zo ta wata hanyar da bai yi tsammani ba, ko ka riga ka kashe mutumin da ya kamata ya miƙa maka saƙo, ko wata alama ta daɗe a rubuce tun wata uku da suka wuce ba ka sani ba, sai ƙofar ta ƙi buɗewa faufau, kai kuma ba ka ganin littafin balle ka san layin da aka tsallake.

Bari in ɗauki wasan da na tabbata babu gidan gem daga Ngawundare zuwa Marwa da bai san shi ba, wato GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004 a kan PlayStation 2, ya biyo da na kwamfuta a 2005, na waya kuma a 2013. A cikinsa akwai mishan ɗin jirgin ƙasa, wanda ya yi suna a duniya saboda yawan waɗanda ya kayar: kai ne CJ kana tuƙa babur, Big Smoke yana bayanka da bindiga, abokan gaba huɗu suna tsaye a kan rufin jirgi, aikinka ka bi jirgin har Smoke ya harbe su kafin hanya ta ƙare. Abin da kowane sabon shiga yake yi shi ne ya manne wa jikin jirgin, yana zaton kusanci ne zai taimaki mai harbi, alhali kuwa duk sa'ad da ya matsa sosai harsasan a jikin tarago suke ƙarewa, domin mutanen suna sama, bangon jirgin ya kare su. Wanda ya ja gefe kaɗan, ya bi bakin ɗaya layin dogon, ya daidaita gudunsa da inda mutanen suke, ya kuma kula da jirgin da ke tahowa ta gaba, zai ga an zubar da su ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahala ce tsantsa, ko da yake ina da ra'ayin cewa masu wasan sun yi sakaci da ba su nuna wa mai tuƙi inda ya dace ya tsaya ba. Maganinta a bakin na kusa da kai yake, kuma sau da yawa yaron da ke tsaye a baya yana jiran layi ya fi mai riƙe da manet ganin kuskuren.

Amma ga wani mishan a cikin wasan nan guda wanda hukuncinsa dabam ne. Can gaba, bayan an isa birni na uku, Las Venturas, akwai inda mawaƙin nan Madd Dogg ya hau saman wani bene cikin maye yana shirin faɗowa, kai kuma ka ruga ka ɗauko wata a-kori-kura mai kaya mai taushi a baya, ka tsaya a ƙarƙashinsa ka tare shi. Aiki ne mai sauƙi ga wanda ajiyarsa, wato inda na'ura ke adana matakin da ya kai, take lafiya. Sai dai samarinmu, kamar takwarorinsu na ko'ina, ba sa wasan nan sai da kod, wato lambobin sirrin da ake dannawa don a sami sauƙi, har akwai yaran da ba su haddace jadawalin lissafi ba amma sun haddace HESOYAM, mai cika jini da aljihu. To a cikin waɗannan kod akwai wanda ke sa mutanen gari su yi ta tarzoma suna dukan juna, kuma an tabbatar cewa wanda ya kunna shi ya yi ajiya a kai, to in ya iso wannan mishan, Madd Dogg zai faɗo ne nan take tun kafin a kai ga motar, kome saurin mai wasa. Dubi nisan da ke tsakanin sababi da sakamakonsa: an danna kod ɗin tun a birnin farko don nishaɗin minti biyar, illarsa ba ta bayyana ba sai bayan makonni, a lokacin da mai wasa ya manta ma ya taɓa danna shi. Wasan da kansa yakan yi gargaɗi a lokacin ajiya cewa an yi amfani da kod, sai dai da Turanci ko Faransanci yake yi, yara kuwa danna maɓalli suke su wuce. Wanda ya faɗa wannan rami ba shi da mafita sai ya koma tsohuwar ajiya wadda ta riga kod ɗin, in yana da ita; in babu, sai ya ɗauko labarin daga farko, ko ya roƙi ajiyar wani.

A nan ne amfanin yawaita ajiya yake bayyana, kuma da za a ce in zaɓi nasiha guda daga cikin wannan sharhi duka, ita zan zaɓa. Wasan yana ba da gurabe takwas na ajiya a kan kwamfuta, amma galibin masu wasa gurbi ɗaya suke ta dannewa, sabo a kan tsoho, har ranar da za su nemi jiya su rasa. A gidan gem abin ya fi muni, domin katin ajiya ɗaya ne mai megabait 8 mutum goma ke tarayya a kansa, wani ya zo ya buɗe ajiyar wani ya zuba kod son ransa ya danne, mai ita ya dawo gobe ya gaji aibin da bai san asalinsa ba. Abin da ya dace shi ne mutum ya riƙa juya gurabe uku ko huɗu, ya keɓe guda wanda kod bai taɓa shiga ba, kada kuma ya danne ajiyar da ta gabaci babban mishan sai ya ga bayansa.

Akwai kuma aibin da ba daga Rockstar ya zo ba, daga hanyar da wasan ya bi ya iso mu ne. Cikakken San Andreas faifan DVD guda yake cikawa, wato gigabait huɗu da wani abu, data kuwa tana da tsada, saboda haka abin da ya fi yawo a filas da wayoyi shi ne wanda aka yanke aka matse ya koma 'yan ɗaruruwan megabait. Masu yankan nan sauti suke fara cirewa, da rediyon mota da maganganun 'yan wasa, suna ganin ado ne kawai. Alhali akwai mishan guda biyu tun a farkon labari, na gasar motoci masu tsalle wurin wani mai suna Cesar da na rawa a bakin teku, waɗanda kibiyoyin da ake bi a cikinsu a jikin kiɗan aka ɗaure su. In babu fayil ɗin kiɗan sai kibiyoyin su ƙi fitowa, ko wasan ya sandare, yaro ya zauna yana kallon allo yana jiran abin da ba zai zo ba. Haka nan masu kunna PlayStation 2 daga filas maimakon faifai sukan ga hoto yana tsinkewa a wuraren labari, saboda ƙofar USB ta wannan na'ura tsohon yayi ce mai jinkiri. Duk wannan ba ya jin dabara ko naci, sai an samo cikakken kwafi.

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne kwamfuta mai ƙarfi tana iya ɓata tsohon wasa. An gina San Andreas ne a kan lissafin hotuna kimanin 25 zuwa 30 a kowane sakan, kuma da yawa daga motsin cikinsa an ɗaure su da wannan adadi. Idan aka kashe zaɓin da aka rubuta wa Frame Limiter a cikin saitin nuni, don hoto ya yi santsi, sai iyo ya koma kamar ana jan mutum baya, wanda kuwa ya isa mishan ɗin da wani mai suna Woozie ke aikensa ya yi ninƙaya zuwa jirgin ruwa a birnin San Fierro zai sha wuyar da ba a rubuta masa ba. Mayar da zaɓin nan kaɗai yakan warware matsalar. Har ila yau akwai gyaran da wani masani mai laƙabin Silent ya yi kyauta, mai suna SilentPatch, wanda ya toshe ɗimbin irin waɗannan ramuka. Shi ne ma a 2025 ya gano dalilin da ya sa wani jirgin sama mai sauka a ruwa ya ɓace daga wasan a kan sabon Windows 11: ashe tun asali an manta da wasu lambobi a layin bayanin jirgin, wasan yana ta tafiya bisa dace har shekara ashirin, sai da aka canja wani abu a can cikin Windows sannan ɓarakar ta fito fili. Wannan ya isa hujja cewa aibi yana iya kwanciya shekaru a cikin abin da kowa ke zaton lafiyarsa ƙalau.

Sa'an nan ga namu na gida, wanda mai wasa a Faransa bai san da shi ba. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara ga madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma duk shekarar da ruwa ya ja baya, kamar yadda aka gani a 2021, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage abin, ba su kawar da shi ba. Ɗaukewar wuta a tsakiyar mishan asarar minti ashirin ce kawai, amma ɗaukewarta a daidai lokacin da na'ura ke rubuta ajiya tana iya lalata fayil ɗin ɗungum, aikin wata biyu ya tafi. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, wanda ke sa na'ura ta sandare a ɗakin kwano marar iska, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a kan idon da ke karanta faifai. Na sha ganin yaro ya zare faifai ya huhhura masa iska, ya goga a gaban rigarsa, ya mayar yana addu'a, bai san yashin da ke jikin rigar yana ƙara masa zane ba. Alamar irin wannan aibi ita ce wasan yana tsayawa a wurare dabam-dabam ba ƙa'ida, ko yana tsayawa bayan an daɗe ana yi. Wanda ke tsayawa a wuri guda kullum, a sakan guda, to a cikin fayil yake ko a ajiya.

To, wa ke da alhaki? A nan ina ganin fiƙihunmu ya riga dokokin kasuwar zamani yanke hukunci, domin duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya san cewa ɓoye aibin haja algus ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a cikinsa yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar a ba shi kuɗinsa. Manyan kamfanoni ma, in an matsa musu, nan suke komawa. Lokacin da Cyberpunk 2077 ya fito a Disambar 2020 cike da ɓaraka, Sony ta cire shi daga kantinta ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Nintendo kuma, da aka gano cewa yin ajiya a wani ɗaki na wasan Zelda na 2006 yana kulle mai wasa a ciki har abada, sai ta riƙa musanya wa mutane faifai. Ita kanta Rockstar ta nemi gafara a 2021 saboda halin da sabunta tsofaffin wasanninta ya fito da shi. Idan waɗannan sun amsa laifi, ban ga dalilin da zai sa mai tura wasa a kasuwa ya karɓi kuɗin yaro ya zuba masa yankakke ba tare da ya faɗa masa ba, ko mai gidan gem ya ci gaba da ƙirga lokaci alhali na'urarsa ce ta sandare.

Ba na so a fahimci cewa masu rubuta wasa mutanen banza ne. Aiki ne mai tsananin wuya, hanyoyin da mai wasa zai iya bi sun fi ƙarfin ƙirga, ba kuma mai iya gwada su duka. A ƙasar nan tamu ma an ɗanɗana, domin samarin Kiro'o Games na Yawunde, ƙarƙashin Olivier Madiba, sun yi shekaru suna fama da ɗaukewar wuta kafin su fitar da Aurion a Afrilun 2016, labarin yarima Enzo da matarsa Erine waɗanda aka yi wa juyin mulki ranar aurensu. Wanda ya san wannan zai yi wa mai kuskure uzuri. Uzurin kuwa yana ƙarewa ne a inda aka san aibi aka yi shiru aka karɓi kuɗi.

Saura maganar haƙuri, wadda ake yawan kawowa ba a muhallinta ba. Mutanenmu sukan ce wa wanda ya maƙale ya yi haƙuri ya sake gwadawa, kuma shawara ce mai kyau matuƙar wahala ce ta tsare shi. Har ma an jarraba cewa wanda ya ajiye manet ya tashi ya yi salla, ya sha ruwa, ya kwana, yakan dawo ya wuce a gwaji na farko ko na biyu, domin hannun da fushi ya ƙanƙame ba ya tuƙi daidai. Amma idan mutum ya faɗi sau biyar a wuri guda ta fuska guda, ba tare da wani abin da ya yi ya canja kome ba, to ci gaba da biya taurin kai ne da almubazzaranci, kuma lokacin bincike ya yi: ya sake kunna na'urar, ya buɗe tsohuwar ajiya, ya tambayi wanda ya riga shi wucewa, ya nemi sunan mishan ɗin a YouTube ya ga yadda yake tafiya a hannun wasu, ya gwada ajiyarsa a wata na'urar. In duk an yi wannan ƙofa ba ta buɗe ba, babu abin kunya a bar wasan, tun da ba bashi ba ne.

Kirana ga masu gidajen gem na Garwa da Gidar da Marwa da Ngawundare shi ne, ku nemi cikakkun kwafi ku daina zuba yankakku, ku ware wa kowane mai bin labari gurbin ajiyarsa ku hana wani taɓawa, ku sa wa na'urorinku batirin riƙe wuta ko da na minti biyar ne, ku share musu ƙura ku ba su iska, kuma duk sa'ad da na'ura ta sandare ko wuta ta ɗauke, ku tsayar da agogo ku cika wa yaro lokacin da ya biya.